Wasan Bidiyo: Wa Ya Ƙera Shi, Me Kuma Yake Nema A Wurin 'Ya'yanmu?

Matanin jawabin da aka gabatar a gaban iyaye da malaman makarantun Islamiyya a garin Wudil, Jihar Kano.



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, malamaina, iyayena, 'yan uwa maza da mata, an ɗora mini nauyin in yi magana a kan abin nan da yaranmu suke kira gem, wato wasan bidiyo. Na san a cikinmu akwai waɗanda suka zo da hukuncinsu a aljihu, jira kawai suke in ce haramun ne a watse. Akwai kuma waɗanda suke ganin taro irin wannan ya fi ƙarfin a ɓata shi a kan wasan yara. Duka ɓangarorin biyu ina ba su haƙuri. Ba fatawa na zo bayarwa ba, ga ma'abotanta nan zaune a sahun gaba. Tarihi na zo da shi, domin malamanmu sun karantar da mu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa. Kuma sana'ar da ta juya sama da dala biliyan 180 a shekarar 2023, kuɗin da ya ninka abin da gidajen sinima da masu sayar da waƙoƙi na duniya suka samu ko da an haɗa su, ta wuce a kira ta wasan yara.

Bari mu fara daga gida. Bahaushe bai taɓa rasa wasa ba. Dattawan da ke nan sun yi langa da kokawa a dandali da farin wata, iyayenmu mata sun yi gaɗa da carafke, kuma har gobe in ka bi ta gindin wata bishiyar za ka tarar da manya sun haƙa gurabu 30 a ƙasa suna dara, wannan da tsinkensa 12, wancan da tsakuwarsa 12. Yaron da ya tashi a bakin kogin Wudil ya yi iyo, ya gina shanu da yumɓu, ya fere kara ya ƙera mota har da ƙafafunta. Waɗannan wasanni babu wanda ake biya kafin a yi su, kuma kowannensu yana da ƙarshe: wata ya faɗi, ko an kira salla, ko hadari ya taso, sai kowa ya kama hanyar gida. Babu wani mutum a wata ƙasa da zai yi asarar kwabo don yaro ya tashi daga wasan langa. To, wasan da muke magana a kansa yau akwai mai yin asara in yaro ya tashi, kuma wannan mutumin ne ya tsara wasan tun daga tushe. Wannan ita ce maganata, sauran duk hujjojinta ne.

Asalin abin a ɗakunan bincike na Amurka yake. A shekarar 1958 wani masanin kimiyya mai suna William Higinbotham, wanda yana cikin waɗanda suka yi aikin ƙera bam ɗin nukiliya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya haɗa wani ɗan wasan ƙwallon tanis a kan allon na'urar awo, domin baƙin da suke ziyartar cibiyarsu ta Brookhaven su samu abin ɗebe kewa. A 1962 wasu matasa a jami'ar MIT suka rubuta wani wasan na jiragen sararin samaniya, suka raba shi kyauta. Har zuwa nan babu maganar kuɗi.

Kuɗi ya shigo sosai ne a 1972, shekarar da Nolan Bushnell da abokinsa Ted Dabney suka kafa kamfanin Atari. Shi Bushnell, lokacin yana ɗalibi, ya yi aiki a wani filin shaƙatawa inda ake jan hankalin mutane su biya su gwada sa'arsu, saboda haka ya san yadda ake raba mutum da canjinsa yana murmushi. Wasan kamfanin na farko, Pong, sai suka sa shi a cikin akwati mai ramin jefa kuɗi, suka kai shi wata mashaya a jihar Kalifoniya. Bayan 'yan kwanaki mai mashayar ya kira su cewa na'urar ta lalace. Da aka buɗe, ashe lafiyarta lau, ma'ajin kuɗin ne ya cika maƙil har babu inda wani zai faɗa. Ku riƙe wannan, 'yan uwa: a mashaya aka raɗa wa sana'ar suna, kuma ramin kuɗi ne ya fara koya mata tsari. Tun da kowane kwabo wasa ɗaya yake saye, dole a yi wasan ya zama mai sauƙin farawa, mai wuyar gamawa, a kayar da mutum cikin 'yan mintuna amma a bar shi yana jin cewa saura ƙiris ya yi nasara. Space Invaders na 1978 da Pac-Man na 1980, duka daga Japan, a kan wannan aka gina su. Ba a shirya su don wani ya kai ƙarshensu ba, sai dai su yi ta ƙara wuya har a cinye ka.

Manyan kamfanonin Japan ɗin ma tarihinsu abin dubawa ne. Nintendo an kafa shi a birnin Kyoto tun 1889, shekara 14 kafin Turawa su ci Kano, kuma katin karta yake bugawa, wanda 'yan caca suna cikin manyan masu saye. Sega kuwa ya samo asali ne daga kasuwancin na'urorin jefa kuɗi, har da na caca, a barikokin sojojin Amurka da ke Japan. Ba ina cewa asalin abu shi ne hukuncinsa ba, amma wanda ya san inda rafi ya ɓuɓɓugo ba zai yi mamakin launin ruwansa ba.

Sai zamani na biyu, da wasan ya shiga gida. Bayan kasuwar Amurka ta durƙushe a 1983, har Atari ya haƙa rami a hamadar jihar New Mexico ya binne kaset-kaset ɗin da suka ƙi sayuwa, Nintendo ya farfaɗo da ita da na'urarsa ta gida da wasan Super Mario na 1985. A gaskiya wannan zamanin ya fi sauran adalci, domin sau ɗaya ake sayar maka da kaset, kamfani ya karɓi kuɗinsa, ko ka buga ko ka ajiye ba ruwansa. Don haka wasannin suka samu labari da ƙarshe. Kwaikwayon waɗannan na'urori da ake ƙerawa a Taiwan da Sin su ne suka iso kasuwanninmu a shekarun 1990, tare da ɗan abin hannun nan mai batir na jera tubali, wanda asalinsa wasan Tetris ne da wani ɗan Rasha, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙira a birnin Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Da yawa daga iyayen da suke faɗa da 'ya'yansu yau a kan waya, su ne jiya suke hura kaset da baki don ya kama.

Amma a ƙasar nan gida nawa ne zai iya sayen na'ura da talabijin, ga kuma halin da wutar lantarki take ciki? Saboda haka da Sony ya fito da PlayStation a watan Disambar 1994, ya biyo da ta biyu a shekarar 2000, wadda aka sayar da sama da miliyan 150 a duniya, sai mu muka mayar da na'urar gida ta koma ta kasuwa. Ga shago, ga benci, ga talabijin biyu ko uku, ga janareto yana kuka a waje: an samu gidan gem. Lokacin ya zo daidai da bunƙasar gidajen kallon ƙwallon Turai, kuma wasan ƙwallon ne ya mamaye shagunan, na kamfanin Konami da kuma FIFA wanda aka fara fitarwa a 1993. Yaro ya kalli ƙungiyarsa da yamma, da daddare ya karɓi hannu ya zama shi ne kocinta. Ramin kuɗin Bushnell ya dawo ke nan, sai dai yanzu mutum ne zaune a bakin ƙofa yana karɓa, wasa ɗaya kuɗi kaza.

A nan nake so mu yi wa mai gidan gem adalci. Galibi matashi ne ɗan unguwa da ya rasa aikin yi, ya tara ɗan jari, yana neman abin rufin asiri. Mun san shi, mun san mahaifinsa, yana jin kunyar liman da mai unguwa. Ana iya zama da shi a ce kada ya karɓi yaro mai kayan makaranta a jikinsa, ya rufe lokacin salla da lokacin Islamiyya, ya cire faifan da bai dace da yara ba, kuma da yawansu za su ji. Shagonsa yana da ƙofa, yana da lokacin tashi, man janaretonsa yana ƙarewa. Na faɗi haka ne domin abin da ya biyo bayansa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A shekarar 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, da ɗan wasan macijin nan na Nokia wanda bai cuci kowa ba sai batir. Da manyan wayoyi masu intanet suka yi araha, sai aka shiga zamani na uku, zamanin wasan da ake cewa kyauta ne. PUBG ya sauka a waya a 2018, ga Free Fire, ga Call of Duty na waya a 2019. Kamfanin da ya kashe miliyoyin daloli ya ba ka kayansa kyauta, ta ina zai mayar da kuɗinsa? Ta hanyar talla, wadda ba ta biya sai ido ya daɗe a kan allo. Ta hanyar sayar wa ɗan wasa riga da bindiga na ƙarya da kuɗin gaske, don ya yi wa abokansa kwalliya. Sai kuma rufaffen akwati, wanda za ka biya kafin a buɗe, ba ka san abin da ke ciki ba, wataƙila abu mai daraja, galibi kuwa tarkace. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta duba wannan akwati a 2018, ta ce caca ce, ta tilasta wa kamfanoni su cire shi a ƙasarta. Ba malamai ba ne suka faɗa, gwamnatin da ta halatta caca ce ta gane 'yar gidanta.

Kuma tun da lokacinka shi ne hajar, an ɗauki masana halayyar ɗan Adam aiki don kada ka tashi. In ka shiga kullum akwai tukuici, in ka tsallake rana ɗaya ka rasa. Wasan na ƙungiya ne, in ka fita a tsakiya ka ci amanar abokanka uku da suke jiranka. Uwar da take kiran ɗanta yana cewa "ina zuwa" har abinci ya huce, ta sani ba da taurin kan yaron kaɗai take ja ba, tana ja ne da mutanen da aka biya albashi mai tsoka don su tabbata bai amsa kiran ba.

Daga nan zuwa caca tsantsa taku ɗaya ne. A shagunan caca akwai ƙwallon da kwamfuta ce take buga wa kanta, babu ɗan wasa ko ɗaya mai rai, ana gama zagaye cikin 'yan mintuna a sake sabo, mutane suna zuba kuɗi. Yaron da ya saba da hoton ƙwallon gem ba ya ganin baƙon abu a wurin. A watan Oktoban 2024 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shagunan caca da dama a cikin birni, kuma ta kyauta. Sai dai shagon da ke cikin aljihun yaro ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da kamuwa da wasan bidiyo cikin kundin cututtuka. Amma a kula da iyakar da ta sa, don kada kowane uba ya koma gida ya ce ɗansa ya kamu. Sai mutum ya kasa riƙe kansa a kan wasan, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, kuma a ƙa'ida hakan ya ɗauki kamar wata 12. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga masu wasan suke kai wannan matsayi. Ƙasar Sin, wadda kamfaninta Tencent yana cikin mafiya cin ribar sana'ar a duniya, ta kafa doka a 2021 cewa wanda bai kai shekara 18 ba awa ɗaya kawai zai yi a wasan intanet, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Mai tuwo ya auna wa 'ya'yansa loma, mu kuma an sakar mana tukunyar. Koriya ta Kudu ma ta hana yara wasan tsakar dare a 2011, amma ta janye dokar a 2021, domin yaran suna shiga da sunayen iyayensu, wasan kuma ya koma cikin waya. Wanda yake ganin doka kaɗai za ta wadatar, ya yi nazarin wannan.

Game da cewa wasan harbe-harbe yana mayar da yaro ɗan daba, masu bincike sun daɗe suna saɓani, ba zan ɗora wa abin laifin da ba a tabbatar ba. Abin da yake tabbas shi ne masu ƙera wasannin da kansu ba su ce kowane wasa na yara ba ne. Bayan da Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a 1993 a kan zubar da jinin da ke cikin Mortal Kombat, an kafa tsarin rubuta shekarun da suka dace a jikin kwali, Turai ma ta yi nata a 2003, mai lamba 3 da 7 da 12 da 16 da 18. GTA, wasan satar mota da kisa da shiga gidajen banza, lambarsa 18 ce. A wurinmu faifan ba ya zuwa da kwali, sai ka ga ɗan shekara 10 a gabansa.

Yanzu in zo kan abin da ya fi damuna, wato wa yake ba da labarin. A shekarar 2002 Rundunar Sojan Amurka ta fitar da wasa nata na kanta, America's Army, kyauta, da kuɗin gwamnati, don jawo matasa shiga soja, ta riƙe shi har zuwa 2022. Wanda ya yi haka ya san wasa makaranta ce. Wasannin yaƙi da yawa da suka fito bayan 2001 filin dagarsu gari ne mai hasumiyar masallaci, abokin gaba kuma mai rawani ne yana ihu da Larabci, ɗanmu kuwa shi ne yake riƙe da bindigar yana murna. A 2012 sai da aka janye wani fili a cikin Call of Duty saboda an tarar da lafazin hadisi a jikin wani hoto da aka rataye a banɗaki, a 2021 kuma kamfanin ya nemi gafara saboda shafukan Alƙur'ani da aka watsa a ƙasa a wani wasan nasa. Sau biyun nan Musulmi masu buga wasan ne suka gani suka yi magana.

Mu kanmu Hausawa an riga an shigar da mu. A watan Agustan 2021 kamfanin Microsoft ya ƙara Hausawa a cikin wasan Age of Empires na uku: babban birninsu Kano, shugabarsu Sarauniya Amina, ga barade 'yan lifidi, mayaƙan suna amsa umarni da Hausa. Har akwai wani sashe da ya ɗauko jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, suka sa masa sunan da ma'anarsa ita ce faɗuwar Hausa. A 2025 Amina ta sake fitowa a cikin shugabannin wasan Civilization na bakwai. Ba na zarginsu da mugun nufi, sun ma yi ƙoƙari gwargwadon saninsu. Amma akwai matasa a Brazil da Jamus da duk abin da suka sani game da Shehu daga nan suka samo shi, kuma wata rana jikokinmu ma daga nan za su fara ji. Shin faɗuwa ce ko tajdidi? Wanda ya rubuta wasan shi ya zaɓi kalmar.

Kada a ce ai abin na Turawa ne, ba mu da hannu. Asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya ware kimanin dala biliyan 38 a 2022 don wannan sana'a, an yi gasar duniya ta wasannin bidiyo a Riyad a 2024 da kyautar sama da dala miliyan 60, kuma a 2025 aka sanar da yarjejeniyar da asusun da abokan hulɗarsa za su sayi kamfanin EA, mai wasan ƙwallon nan da ke kowane shago, a kan dala biliyan 55. Ko kuɗin zai sauya abin da ke cikin wasannin, wannan wata magana ce. A kusa da mu kuma, ba da biliyoyi ba, Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a Legas a 2012, Olivier Madiba da abokansa a Kamaru suka fitar da wasan Aurion a 2016, wanda suka gina a kan al'adun Afirka, suna fama da ɗaukewar wuta kamar yadda muke fama.

To, mu a garin nan muna da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, kuma ana karantar da ilimin kwamfuta a cikinta. Manhajojin ƙera wasa irin su Godot kyauta ake sauke su. Yaron da yake iya haddace sunayen 'yan wasan ƙungiya 20 da dabarun maɓallai ba daƙiƙi ba ne, ba a nuna masa bayan allon ba ne kawai. Ina ba makarantunmu shawara su nemi ɗaliban jami'ar nan masu tarbiyya, ko da ranar Alhamis ce da babu Islamiyya, su zauna da yaran da suka fi kowa naci a gidan gem, su nuna musu yadda ake sa hoto ya motsa. Ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja, da kiwo da cinikin shanu irin na kasuwar Juma'ar garin nan, da tafiyar alhazan da a ƙasa ta Barno da Sudan, kowannensu zai yi wasa mai ma'ana, kuma babu wanda ya fi mu sanin su.

Sauran magana ta malamai ce. Magabata sun yi saɓani a kan shaɗaranji, darar nan ta Farisawa: Imamu Malik ya tsananta, Imamu Shafi'i ya sassauta, amma ba su saɓa ba cewa in an sa kuɗi ana ci, ko wasan ya sa an tozarta salla, ya haramta. Ina roƙon malamanmu su duba mana al'adar nan ta gidan gem da yara biyu za su buga, wanda aka ci shi ne zai biya kuɗin wasan duka. Yaran ba sa ɗaukarta a bakin komai, masu shagon ma haka, alhali kowannensu ya zauna ne bai san ko zai biya ko za a biya masa ba. Haka nan rufaffen akwatin da na ambata, da kuɗin katin waya da yaro yake juyawa ya saye shi. In an samu matsaya a kan waɗannan biyun, sai a rubuta ta da Hausa mai sauƙi, a kai wa masu shagunan hannu da hannu kafin a karanta ta a kan mumbari.